Wuƙar Aljihu: Mai Kai Ɗaya Ko Mai Kai Biyu?

Wata ranar Asabar da la'asar muna zaune a barandar ɗakin kwananmu, an zube lemo a faranti, sai abokanmu biyu kowa ya sa hannu aljihu ya fito da wuƙarsa. Wuƙaƙen nan biyu tsawonsu ɗaya, kowace kuma ruwa biyu gare ta, babba da ƙarami, kuma dukansu irin waɗanda ake ninkewa ne ruwan ya kwanta cikin ƙota. Amma ta ɗayan, wanda ke karatun aikin gona, ruwan nan biyu daga kai guda suke fitowa, kafaɗa da kafaɗa. Ta ɗayan kuwa, mai karatun mulki, babban ruwa yana wannan kai, ƙarami yana wancan. Kafin a fere lemo uku gardama ta sarƙe, kowa yana cewa tasa ce ta ƙwarai. Da muka tambaye su dalilin da ya sa maƙeri ya dasa ruwan a inda ya dasa su, sai aka yi tsit. Mu ma masu tambayar ba mu sani ba.

Watakila wani ya ce, a mujallar ɗaliban jami'a an rasa abin rubutawa ne sai wuƙar fere lemo? To, shirun nan da aka yi shi ne ya kawo mu wannan shafi. Mutum goma ne a barandar, kowa ya haye jarrabawa iri iri kafin ya iso nan, amma babu wanda ya iya bayanin ƙaramin ƙarfen da ke kwana a aljihunsa. Saboda haka muka koma muka bi diddigin maganar, muka kuma tsai da ra'ayi. Ra'ayinmu shi ne, wurin da aka dasa ruwan wuƙa ba ado ba ne, aikin da aka ƙera ta dominsa ne ya ajiye shi a nan. Kuma ga ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, mai kai biyu ita ta fi dacewa. Ga dalilanmu, mai karatu ya auna.

Mu fara da yadda ake haɗa ta. Wuƙar aljihu ta gargajiya ba ta da makulli. Abin da ke riƙe ruwanta, a buɗe ko a rufe, wani siririn ƙarfe ne mai tauri da ke kwance a gadon bayan ƙota, watau sifirin. Gindin ruwa yana juyawa ne bisa wata ƙusa, in ana buɗewa sai kusurwar gindin ta tura sifirin ya ɗaga, in ruwan ya miƙe sai sifirin ya dawo ya danne shi. Ƙarar nan da ake ji, ƙas, sa'ad da wuƙa ta buɗe ko ta rufe, aikin sifirin ne. A jikin ruwan kuma akwai 'yar tsaga inda farce ke shiga ya jawo shi. Duk gardamar da ake yi a kan wannan sifirin ta rataya, domin wurin zaman ruwa shi ke faɗin ko sifirin nawa za a sa.

In ruwa biyu suna kai ɗaya, ƙusa guda ce ta ratsa su duka, kuma bisa al'ada kowane ruwa da sifirinsa, sa'an nan akan raba tsakaninsu da ɗan falle na tagulla. Kowa da ɗakinsa ke nan, ba mai taɓa wani. Wannan ya ba maƙeri damar yin ruwa mai kauri, miƙaƙƙe sak. Haka kuma tun da ɗaya kan ƙotar ba kome a cikinsa, yana iya kumbura shi ya cika tafin hannu, yadda mai yanka zai sami wurin damƙa. Ingilishi suna kiran wannan iri jak. Kuɗin da ake biya kan wannan ƙarfi shi ne kauri da nauyi: sifirin biyu, falle uku, ga fatun ƙota biyu na ƙashi ko ƙaho ko katako.

In kuwa ruwan suna kai biyu, sau da yawa sifirin ɗaya tak ke yi musu aiki. An kafe shi da ƙusa a tsakiya, wannan ɓari yana danne babban ruwa, wancan yana danne ƙarami. Ruwan biyu a ɗaki guda suke kwana, tsinin wannan yana duban gindin wancan. Don kada su yi karo, sai maƙeri ya ɗan lanƙwasa kowanne daga gindi, ɗaya ya karkata dama, ɗaya hagu, su wuce juna ba tare da sun goga ba. Wannan lanƙwasa aiki ne na gwani, kuskuren da bai fi kaurin takarda ba ya isa ya sa ruwan su riƙa cin juna. Amma in an dace, sai a sami wuƙa siririya, marar nauyi, wadda ke ɓacewa a aljihu. Sunan da Ingilishi suka ba wannan iri, in an fassara shi, wuƙar alƙalami ke nan.

Sunan nan yana da tarihi. Garin Sheffield na Ingila shi ne cibiyar wannan sana'a, har majalisar dokokin ƙasar ta kafa wa maƙeran wuƙaƙen yankin ƙungiya da doka a 1624. A zamanin nan Bature da gashin fiffiken dinya yake rubutu, bakin gashin kuwa ba ya jimawa yake dakushewa, sai an sake feƙe shi an tsaga. Don haka kowane akawu da lauya da ɗan makaranta yana da 'yar ƙaramar wuƙa mai kaifin aska don wannan aiki kaɗai. Da fari ba ta ninkewa, daga baya aka mai da ita ta aljihu, aka ƙara mata babban ruwa don sauran bukatu, aka bar ƙaramin don alƙalami. Daga shekarun 1820 masana'antun Birmingham suka fara buga bakin alƙalami na ƙarfe da yawan gaske, gashin dinya ya ja da baya. A 1938 kuma László Bíró ya yi rajistar alƙalamin da har yau muke kira da sunansa. Alƙalamin gashi ya tafi, amma ƙaramin ruwa da sunansa suka zauna, ya koma feƙe fensir da buɗe wasiƙa.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo gare mu ba. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga malam ya ɗauki sillen kara ko gamba, ya feƙe shi da 'yar wuƙa, ya tsaga bakin don ya riƙe tawada. Ya kuma san cewa wuƙar nan ba a ba yaro ita ya yanka rake, domin in bakinta ya mutu alƙalami ya lalace. Hikimar ruwa biyu ke nan tun asali: ɗaya a bar shi ga aikin ƙarfi, ɗaya a tsare kaifinsa don aikin da ke son lallaɓawa. Akawun Sheffield da malamin zaure ba su taɓa ganin juna ba, amma bukata guda ta koya musu darasi guda.

Mai kai ɗaya kuwa wani gida ta fito. Wadda ta fi shahara cikin irinta ita ce Barlow, sunan wani dangi na maƙeran Sheffield. Ana gane ta da dogon ƙarfen wuya, wanda ke ƙarfafa wurin da ruwa ke juyawa, da ƙota mai faɗi daga ƙasa. An yi ta ne da araha don manomi da lebura da ɗan ƙauye, ta kuma sami karɓuwa a Amurka har marubucinsu Mark Twain ya sa ta a hannun yaron nan Tom Sawyer cikin littafinsa na 1876, wuƙar da kuɗinta bai wuce santi goma sha biyu da rabi ba. Akwai kuma wadda makiyaya da masu ɗana tarko na Amurka suka saba da ita, mai dogayen ruwa biyu a kai ɗaya, ɗaya mai tsini, ɗaya mai zagayayyen baki don fiɗiye dabba ba tare da an soke ta ba. Duk waɗannan wuƙaƙen yini a gona ne ko a garke, inda ake yanka igiya da fata da itace, hannu yana gumi.

To, yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mene ne aikinmu? Fere lemo da mangwaro, feƙe fensir, yanke zaren da ya zazzago a hannun riga, buɗe ambulan da kwali, kankare tambarin farashi, datse igiyar shanya. Cikin waɗannan babu wanda ke neman ruwa mai kauri. Hasali ma siririn ruwa ya fi shiga lemo da takarda, domin kauri turjiya yake kawowa. Wannan shi ne dalilinmu na farko.

Na biyu, wuƙar aljihu ta fi daɗewa a aljihu bisa ga hannu. In ta yi aikin minti biyar a yini, sauran sa'o'in duka ɗaukarta ake yi. Aljihun kaftani da na wandon ofis ba su da kauri, abu mai nauyi yana rinjayar riga gefe guda, yana kuma cin yadi har ya huda. Wuƙar da ta dami mai ita, ƙarshenta a bar ta cikin akwati, ran da bukata ta taso kuwa sai a shiga neman reza ko a sa haƙori. Wadda ke tare da kai ita ce mai amfani, ba wadda ta fi ƙarfi tana gida ba.

Na uku, maganar tsabta da saurin ganewa. Mai ruwa biyu da ya san abin da yake yi yakan ware ɗaya don abinci, ɗaya don kwali da roba da sauran tarkace. In suna kai biyu, hannu da kansa yake sanin wane kai ne na lemo, ko a duhu, in wuta ta ɗauke. Masu fiɗar wani ɓeran ruwa a Amurka, wanda ake farauta don gashinsa, sun san wannan sauƙi: wuƙarsu siraran ruwa biyu ne iri ɗaya, kowane a kansa, in wannan ya dakushe sai a rufe shi a juya ƙota a ci gaba da aiki.

Na huɗu, shaidar da ta zo daga ƙasar Suwizalan. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach a 1884, ya fara ba sojan ƙasarsu wuƙaƙe a 1891, sa'an nan ran 12 ga Yuni 1897 ya yi rajistar wuƙar hafsoshi, wadda ita ce kakar jar wuƙar Victorinox da duniya ta sani. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne tattalin sifirin: kayan aiki shida a kan sifirin biyu kacal. A wuƙar nan babban ruwa da ƙarami suna kai biyu ne, suna raba sifirin guda. Shekara fiye da 120 ke nan ana buga wannan tsari, yana hannun soja da matafiyi da ɗan makaranta. Wanda ya ce mai kai biyu abin wasa ce, sai ya fara amsa wannan.

Amma fa ba za mu yi wa abokinmu na aikin gona rashin adalci ba, domin hujjojinsa masu nauyi ne. Na fari, sifirin guda da ke bauta wa ruwa biyu yana da rauni sananne: in aka buɗe ruwan biyu rabi da rabi lokaci guda, an ɗaga shi ta kai biyu ke nan, yana iya sanyi ko ya karye, in ya karye kuwa ruwa biyu sun mutu tare. A mai kai ɗaya, in wannan sifirin ya tafi wancan yana nan. Na biyu, a mai kai biyu ta araha ruwan sukan goga juna, su bar zane, wani lokaci ma bakin ɗaya ya ci jikin ɗaya. Na uku, in ka buɗe babban ruwa kana yanka da ƙarfi, kusurwar gindin ƙaramin ruwa, da ke rufe a ɗaya kan, tana zaune daidai ƙasan tafin hannu, in aikin ya yi tsawo sai ta sa kanta. Maƙera sun san da wannan, shi ya sa suka ƙago wata mai siffar kwalekwale wadda ƙarafan wuyanta suka tashi suka rufe kusurwoyin. Duk mun yarda da waɗannan. Wanda zai yini yana aure itatuwa a lambu, ko yana yanka igiya a garke, ya sayi mai kai ɗaya, ba mu da ja. Abin da muka ƙi shi ne mai zaman tebur ya ɗauki kayan makiyayi don kawai a ce tasa ta fi girma.

Ko cikin masu son mai kai ɗaya ma gardama ba ta ƙare ba, domin sai an yanke wane ruwa zai zauna gaba. In ƙarami ne a gaba, tsagogin farce biyu sukan dubi gefe guda, amma dole ƙaramin ya kwanta ƙasa sosai don kada ya rufe tsagar babban, in ya tsaya sama sai farce ya rasa mashiga. In babba ne a gaba, shi ya sami sauƙi, tsagar ƙaramin kuwa takan koma bayan wuƙa, sai an juya ta. A nan ne ya kamata a tuna da bahago. Yawancin wuƙaƙe an tsaga su ne don mai riƙe ƙota da hagu ya ja ruwa da farcen dama. Bahago yakan ji daɗin ruwan da tsagarsa ke baya, abin da na dama ke ƙorafi a kai. Ashe abin da wani ke kira aibi, ga wani gyara ne, kuma ba mai sanin wannan sai wanda ya riƙa da hannunsa.

Saboda haka ga 'yar shawara ga mai niyyar saye, ko wace iri ya zaɓa. Kada ya tsaya ga sunan da aka buga a gindin ruwa, domin ana buga sunan ƙarya. Ya buɗe ruwa ɗaya ɗaya, ya saurari ƙarar sifirin, ya ji ko farcensa zai iya da shi ba tare da ya karye ba. Ya girgiza ruwan a buɗe, in yana lilo dama da hagu ƙusa ta yi sako sako. Ya rufe su ya duba ta sama ko suna taɓa juna, ya shafa yatsa ya ji ko tsini ya leƙo waje, domin tsinin da ya leƙo shi ke yanka yatsa cikin aljihu. Ya ɗaga bayan wuƙar ga haske, in haske yana ratsa tsakanin sifirin da falle, aikin gaggawa ne. Daga nan ya buɗe babban ruwa ya damƙe ƙota kamar mai aiki, ya ji inda take cizonsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma kowa ya riƙe cewa wannan wuƙa kayan aiki ce, ba makami ba. Tun da ba ta da makulli, wanda ya yi suka da ita bisa yatsunsa za ta rufe. A Ingila ma dokar 1988 ta bar mutum ya ɗauki mai ninkewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, domin an san ta fensir da 'ya'yan itace ce.

Mun ce shirun baranda ne ya kawo mu, bari mu koma gare shi. Yau wuƙa muke saye da ɗan abin da ya rage na kuɗin abinci, in mun yi kuskure asararmu ce mu kaɗai. Gobe kuwa waɗansunmu za su zauna a ofis, a kawo musu takardar sayen famfon rijiya, ko injin ban ruwa, ko kujerun makaranta, wuƙa da nama suna hannunsu, kuɗin kuma na talakawa. Ɗan kasuwa zai zo da kaya iri biyu, ɗaya babba mai ƙyalli, ɗaya ƙarami, kowanne da sunan ƙasar waje a jikinsa. In ba mu saba tambayar don me aka sa wannan ƙusa a nan ba, wa aka ƙera wa wannan abu, wane aiki zai yi a wurinmu, ina rauninsa, to, babba mai ƙyallin za mu sa wa hannu, ya yi wata shida ya tsaya, a jingine shi bayan ofis. Halin da mutum ya saya da shi a kan ƙaramin abu, da shi zai saya a kan babba. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, takardar digiri kuwa ba ta kwance shi in mai ita ba ya tambaya.

Maƙerin Sheffield da ya lanƙwasa ruwa biyu don su kwana ɗaki guda bai shiga jami'a ba, amma ya san dalilin kowane bugun gudumarsa. Haka maƙeran garuruwanmu, in ka tambaye su abin da ya sa lauje ya lanƙwashe, wuƙar fawa ta yi faɗi, askar wanzami ta yi gajarta, za su ba ka amsa nan take. Kunya ce a ce mu da muka yi shekaru bisa benci mu ne ba mu da amsa.

Abokanmu biyu dai har yanzu kowa yana riƙe da tasa, kuma mun ga daidai ne, domin ɗaya gona za shi, ɗaya ofis. Bambancin shi ne yanzu kowannensu ya san dalili. Mu da muke 'yan alƙalami mun tsaya ga mai kai biyu, siririya, mai sifirin guda, da sharaɗin ba za mu buɗe ruwanta biyu lokaci ɗaya ba. Wanda yake ganin mun karkace, shafin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba, amma ya zo da hujja, ya kuma faɗa mana aikin da yake yi da tasa.